Mutanen da Kaka ta bari a buhu

Kowa ya ce sirrin daddawar kakata a hannunta yake. Ba a nan yake ba. Ni na gano, ni da ko kunu ban iya damawa ba.

Shekarun baya, ina sakandare a Gumel, ɓarin jikin Kaka ya shanye, aka ɗauko ta daga Gagarawa zuwa gidanmu. Daddawarta kuwa har Maigatari ake nema, 'yan Nijar su tsallaka da ita. Tana kwance tana ba mahaifiyata umarni: a dafa kalwa, a surfe, a wanke, a rufe. Aka sayo sabon kwando da sabon buhu. Da aka buɗe sai ɗoyi, babu yauƙi. Aka sake, haka. Maƙwabta suka ce ai albarkar ta tafi da hannun. Kaka ta yarda. Ta juya fuska bango, abinci ma sai an roƙe ta.

Ni kuwa lokacin hankalina ba ya gida. Malamarmu ta bayoloji, wata 'yar Filato, ta jera mu muna leƙa ƙwayoyin bakteriya a madubin ƙara girman abu, guda ɗaya tal da makaranta ke da shi. Ta ce, "Kada ku ɗauka kowa harkarsa yake. Gari ne. Suna aika wa juna saƙo, su haɗu su gina gida da yauƙi. In abinci ya ƙare, wasu su naɗe kansu su yi barci, ko shekara nawa, har a tashe su."

Tun ranar na zama wata iri. In zauna bakin randa ina shafa santsin cikinta, ina ganin unguwanni da lunguna, da masu barci a jere kamar a tsakar gida lokacin zafi. Ina cikin wannan mafarkin ido biyu sai na tuna baƙin buhun da Kaka take rufe kalwa da shi tun ban san kaina ba.

"Kaka, ina buhunki?"

"Uwarki ta ce kada a shigo mata da ƙazanta."

Ban tsaya neman izini ba, na hau motar kasuwa zuwa Gagarawa. Na same shi saƙale a rufin ɗakin girkinta, ya bushe ƙamas. A dawowa direba ya ce, "Ƙanwata, mushe kika ɗauko mana?" Na ce ya ja motarsa.

Mahaifiyata ta rufe kalwa da shi tana toshe hanci. Da lokaci ya yi aka ɗaga, sai ga fari-fari ya lulluɓe ta, yauƙi na miƙewa kamar saƙar gizo-gizo. Na kai wa Kaka. Ta tsoma hannun hagu, ta ɗaga, ta daɗe tana kallon zaren.

"Ashe kun biyo ni," ta ce a hankali.

Na gyara murya zan yi mata bayanin kimiyya. Ta ce, "Ke uwar surutu, rufa min baki, ina da baƙi. A kaɗa min miyar kuka."

Har yau in na ji warin daddawa sai in ji kamar na wuce ta ƙofar wani gari da ake hira ƙasa-ƙasa. A ranar dai, Kaka na suɗe kwano, na ɗauki reza na yanki gefen buhun. Na ƙudurta da safe zan kai wa Malama, in leƙa in ga mutanen Kaka ido da ido.