Jan Zaren Baba Ma'aruf

Kafin motocin alhazai su fara gurnani a tashar Kudai da ke Makka, Baba Ma'aruf ya riga ya ɗaga ƙofar warsharsa ta gyaran motoci. Daga masallaci yake wucewa, da gurasar tamis mai zafi a leda da fulas ɗin shayi a hammata. Ba ya taɓa sifana sai ya tsaya gaban wani allon katako da ke bango, inda makullan motocin mutane suke rataye a ƙusoshi. Wasu makullan haka nan suke, wasu kuma an ɗaure musu jan zare. Shekara arba'in da uku ke nan yana wannan tsayuwa. Ƙarshen watan nan zai daina, domin hannunsa ya fara rawa, idonsa na dama kuma ya yi hazo.

Duk mai tsohuwar mota daga Rusaifa zuwa Tandabawi ya san jan zaren nan, kuma da yawa sun zage shi a kansa. Ma'anarsa ita ce motar ba ta isa hawa titi ba tukuna. In ka kawo masa motar kakanka ka ce a cire injinta a sa sabo mai ƙarfi, ba zai ƙi ba, sai dai injin ne zai zo a ƙarshe. Da birki yake farawa, ya cire na da ya sa mai faifai. Ya duba sitiyari da safirin, ya canja bututun mai, ya huda jikin motar ya kafa bel a kowace kujera. Sannan ya kira muhandis, injiniyan da zai shiga ƙarƙashinta da fitila ya auna, ya sa hannu da hatimi. Sai an kai ta fahas, wurin binciken motoci na hukuma, an gwada, an gyara lambar inji a istimara, wato takardar motar, sannan ya ɗauko ƙaramin almakashi ya yanke zaren.

Malam Mukhtaru mai turare a Rusaifa ya ba ni labari cewa wata bakwai motarsa ta yi a wurin, har ya raɗa wa Baba suna Kunkurun Kudai. Baba ya yi dariya ya ce shi dai bai taɓa zuwa ta'aziyyar kunkurun da gudu ya kashe ba. Bayan shekara guda wata bas ta tsaya kwatsam a gaban Malam Mukhtaru a bakin ramin da titi ya ratsa dutse, iyalinsa cike da mota. Ya taka birki, ta tsaya cak, saura taki ɗaya. Ya kai wa Baba kwalbar turare, Baba ya ce a kai wa muhandis, shi ne ya sa aka sake aikin har sau biyu.

Na so a ce irin wannan labarin ne nawa.

Mahaifinmu, marigayi Datti, ya bar mana wata doguwar mota koriya, ƙirar Amurka ta shekarar saba'in da takwas. Da ita ya yi jigilar alhazai tsakanin Jidda da Makka, a cikinta kuma aka kawo mahaifiyarmu tana amarya. Da aka sa ranar auren yayana Ayman da Ghada, ni ne na zuga shi cewa ba motar da ta dace ta ɗauko amaryarsa sai ita. Na riga na gama ganin abin a zuciyata, har da furanni a goshinta. Injinta ya mutu, muka samo sabo, muka kai wa Baba Ma'aruf, aminin mahaifinmu. Ya ce wata huɗu. Mu kuwa mako bakwai ya rage mana. Ya ce mu ɗauki tasa motar, zai wanke ta da hannunsa. Muka ƙi.

Ni na je karɓar makullin, kuma ban manta abin da na faɗa ba.

"Baba, tsoro ne kawai ya tsufa da kai. Motar mahaifinmu ce, ka ba mu abinmu."

Ya daɗe yana goge hannu da tsumma. "Ya waladi, na san motar nan tun ba a haife ka ba. Injin da kuka kawo doki ne, birkinta kuwa na jaki."

Ya miƙo makullin da zarensa, bai yanke ba. A bakin ƙofa na sa haƙori na tsinke shi, na tofar.

Wani gareji ya ɗora injin cikin kwana tara, ba muhandis, ba takarda. Ranar wata Alhamis da la'asar Ayman ya fita gwada ta, yana gangarowa daga Ɗa'if ta hanyar Hada mai kwana-kwana. Birkin ya yi zafi, ya taka ya ji ƙafarsa ta tafi har ƙasa. Ya karkata ya goga ta da dutse don kada ta bi rami. Babu bel. Allah ya bar mana shi, amma har yau da sanda yake tafiya. An yi bikin bayan wata takwas, a motar wani ɗan'uwa, ango a kujerar baya.

Baba Ma'aruf, kai ne ka riga dangi zuwa asibiti, baƙin mai bai bar faratanka ba. Na laɓe a lungu ina jiran ka ce ai ka faɗa. Ba ka ce ba. Na ji ka ce wa mahaifiyarmu ta yafe maka, wai kai ka miƙa makullin. Kai ne ka je da kanka ka sa aka ɗauko motar daga gefen dutse, ka yi wata goma sha huɗu kana tashinta, birki kafin inji, har muhandis ya buga hatiminsa. Ka aiko mana da saƙo sau ɗaya cewa ta gama. Shekara biyu kunya ta hana mu zuwa, kai kuma ba ka sake aikowa ba, sai dai duk Juma'a ka yaye mata tamfol ka tashe ta.

Da muka ji za a rufe warsha, sai Ayman ya ce in ba mu je yanzu ba, ba za mu taɓa zuwa ba. Mun sami Baba yana shara. Allon ya zama fayau, makulli ɗaya ya rage, da sabon jan zare a jikinsa. Na fara jero haƙurin da na yi shekara uku ina shiryawa, ya katse ni da cewa shayi na hucewa. Ya ɗauko almakashin, ya miƙo mini.

"Yanke. Wannan karon ba da haƙori ba."

Ashe ya gani.

Na gode, Baba Ma'aruf, mai jinkirin da ya raya mutane. Allah ya saka maka da alheri, ya ba ka hutu mai albarka. Ku kuma masu warsha da za ku gaji wannan layi na Kudai, ku nemi zarenku ku ɗaura, ko da za a kira ku kunkuru. Mu masu tsofaffin motoci, in bakanike ya ce a jira muhandis, mu jira.

Ayman ya jingine sandarsa, ya zauna a kujerar mahaifinmu, ya ja bel ya ɗaura. Ya kai hannu zai murɗa makulli, sai Baba ya ƙwanƙwasa gilashi.

"Birki tukuna, ɗan Datti. Taka in ji."