Ƙasar Bakin Galma

Malam Muttaka ya daɗe yana koyar da darasin noma a wata firamare a Kaura Namoda, kuma ba ya shiri da alli. A wurinsa, yaron da bai ɓata hannu ba bai koyi komai ba. Da an yi ruwan fari sai ya sa kowane ɗalibi ya ɗebo ƙasar gonar gidansu a gwangwani. A yayyafa mata ruwa, a murza a tafin hannu. Yashi ya wargaje, turɓaya ta ɗan haɗu ta karye, laka kuwa ta miƙe har a lanƙwasa ta kamar zobe. Mutum ne mai kirki, sai dai akwai saurin fushi.

Bana wata sabuwar ɗaliba, Nazifa, ta zo hannu rabbana. Bai tambayi dalili ba, ya kira ta malalaciya gaban 'yan aji, ya kore ta waje. Daga ranar ba ta sake zuwa ba.

Abin ya tsaya masa a rai, don yarinyar tana da kai, kuma ya san in ta saba da zaman gida shi ke nan. Ya yi ta cigiya har ya same ta da iyayenta a wani kango bayan tasha.

Mahaifinta, Sabo, ya saurare shi, sannan ya ce, "Malam, gona tana can wajen Zurmi. Tun da 'yan bindiga sunka tashe mu, ba mai iya zuwa. Ina za ta ɗebo maka?"

Kunya ta rufe Malam. Sabo ya shiga ciki ya fito da galmar da ya gudo da ita, busasshiyar ƙasa na manne a bakinta. Ya kankare ta da wuƙa a hankali. Ko cikin cokali ba ta kai ba.

Washegari Nazifa ta dawo da 'yar ƙasar a gwangwani. Malam ya ɗiga ruwa da yatsa, ta murza, ƙasar ta lanƙwasu ba ta karye ba.

"Laka ce, mai kyau kuwa," in ji shi. "Je ki wanke hannu."

Ta maƙe kafaɗa, tana mayar da ƙasar cikin gwangwani. "A'a, Malam. Baba ya ce in an ƙare in maido mai ƙasatai."