Muryar Iliyasu Masinja

Iliyasu mutumin Farin Dutse ne, kuma muryarsa ce ta samo masa aiki. Tun yana saurayi shi ke kiran gayya, in ya ɗaga murya a wannan gona sai a amsa a waccan. Da aka ɗauke shi masinja a wata kotun alƙali a ƙasar Gwaram, ya tarar alƙalin ya manyanta, kunne ya yi nauyi. Sai aikinsa ya zama tsayawa kusa da mai ba da shaida, duk abin da aka faɗa ya maimaita da ƙarfi. Masu zama gindin tsamiyar da ke bayan taga suna son haka. Sukan ce shari'ar da kowa ya ji ba ta murɗuwa.

A shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, rumbun wani manomi, Manu, ya ƙone, aka zargi maƙwabcinsa Sabo. Ba wanda ya ga abin sai Kubra, 'yar Sabon, mai shekara tara. Uwarta Batulu ta durƙusa gaban alƙali.

"Allah ya gafarta Malam, in gari ya ji bakinta ne ya ɗaure ubanta, ina za ta sa kanta?"

Alƙali ya ce a fitar da kowa. Iliyasu ya kora mutane waje, ya ja ƙyaure ya sa sakata. Wani ya ce, "Iliya, yau shari'ar ma an sa ta a lalle ne kamar amarya?" Aka yi dariya, aka koma gindin tsamiya.

Kubra ta yi magana, kanta a sunkuye. Alƙali ya kara hannu a kunne. "Me ta ce?"

Iliyasu ya yi abin da ya saba. "Ta ce ta ga Baba da bakin wuta!"

Hirar waje ta ɗauke cak. Batulu ta dubi tagar, sannan ta dube shi.

An ɗaure Sabo. A bakin rijiya yara suka laƙaba wa Kubra Mai-ɗaure-uba, dangin uban suka daina amsa gaisuwarta. Kafin kaka Batulu ta kai ta wurin kakarta a Sundimina, can ƙasar Birnin Kudu.

Ba wanda ya sa shi, Iliyasu ya kwaɓa ƙasa ya toshe tagar. Masu tsamiya suka yi ta ƙorafi, wai me ake ɓoyewa. Da sabon alƙali ya zo ya ce suna da gaskiya, kotu ta jama'a ce, a buɗe. Iliyasun aka miƙa wa diga.

Ya ci gaba da aiki har ya yi ritaya. Waɗanda suka san shi sun ce ya taɓa hawa keke har Sundimina, da ɗan ƙunshin dabino. Yana yin sallama a zaure Kubra ta gane muryar, ta shige ɗaki. Kakar ce ta fito ta karɓi dabinon, ta ce yarinya ba za ta fito ba.