Zauren da Maigidana Ya Gina a Badarawa

Da na sa an ɗauko shi a mota ranar nan, ya ga zaurensa sau ɗaya kafin a rushe, da na kyauta masa ne ko da ciwo na ƙara masa? Na tambayi kaina har na gaji, ban samu amsa ba. Ni ban iya rubutu ba, jikata ce ke rubuta abin da nake faɗa. Amma ko ba a rubuta ba, abin nan ba zai bar zuciyata ba sai ran da aka rufe ni da ƙasa.

Maigidana maginin ƙasa ne, sana'ar gidansu ce tun a Zariya. Da muka dawo Kaduna sai ya tarar garin ba ya neman irin hannunsa. Cikin gari tun zamanin Turawa aka ja tituna miƙaƙƙu kamar an sa zare, gidaje kuwa bulo da kwano. Dole ya koyi ɗora bulo don mu ci abinci, amma in ya dawo da yamma sai ya yi tsaki ya ce yau ma ya yini jera akwatuna. Mu a Badarawa muka sauka, lokacin gonaki sun fi gidaje yawa, hanya kuwa duk inda ƙafa ta bi.

A nan ya gina wa ransa abin da yake so: zaure a ƙofar gidanmu, na tubali da azara, mai rufin ɗaurin guga. Bakunan gizo ne na ƙasa suka taso daga bango huɗu suka haɗu a sama, ba ginshiƙi ko ɗaya a tsakiya. Rani biyu yana yinsa. Sai ya ɗaure azara, ya yaɓa ƙasa, ya bar ta ta bushe sarai kafin ya ƙara wata. In na ce, "Malam, wai yaushe za a gama?" sai ya ce, "Tambayi ƙasar, ita ke ba ni izini." Daɓen kuwa ni na yi da matan unguwa, muka yini muna bugu muna yayyafa ruwan makuba har ya yi sheƙi. In zafin kwano ya koro maza daga ɗakunansu da rana, zaurenmu suke nufa. A cikinsa aka ɗaura auren 'ya'yanmu mata uku.

Ana cikin mulkin soja ya yanke jiki ya faɗi, ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Babban ɗanmu ya kwashe mu zuwa gidansa a Unguwar Dosa don jinya. Ba mu yi wata biyu a can ba, ma'aikatan tsara gari suka bi layinmu suna shafa jan fenti a bango. Za a faɗaɗa hanya, a ja magudanar ruwa. Ba zan yi musu ƙarya ba, unguwar tana bukata. Gidaje sun cushe, da damina ruwa har cikin ɗaki, mota ba ta iya shiga ta ɗauki mai naƙuda. Zaurenmu ya ci taku huɗu na hanyar.

"Inna, kada Baba ya ji," in ji ɗan nan. "Likita ya ce a raba shi da tashin hankali."

Na yarda. Wayyo ni, na yarda.

Ran da za a rushe, na ce wa Malam za ni barka. Na tsaya a gindin mangwaron maƙwabta ina kallo. Leburori suka fara da diga, diga na tsalle tana dawowa. Aka kawo katafila ta ture bangon da ke fuskantar hanya, ƙura ta tashi, da ta lafa sai ga rufin nan a tsaye, ko gezau. Direban ya sauko ya leƙa ciki, ya ce, "Kai! Wane ne ya yi wannan aiki?" Wani dattijo maƙwabcinmu ya ce, "Ga matarsa can, tambaye ta." Na ja mayafi na rufe fuska. Tun hantsi suke fama, sai bayan la'asar rufin ya kwanta.

Da na koma, na zauna a bakin gadonsa. Ya miƙo hannun hagu ya kama gefen mayafina, ya murza shi tsakanin yatsu, ya kai hanci.

"An yi barka lafiya?"

"Lafiya lau."

"Mace ko namiji?"

"Namiji," na ce.

"Allah ya raya," ya ce, ya juya fuska bango.

Kwana tara muka yi haka, ina shiga bayan gida in yi kukana in wanke ido. Yanzu da na tsufa na gane abin da ban gane ba a lokacin. Mutumin da ya yi abu da hannunsa, shi ya fi kowa hakkin jin labarin ƙarshensa. Tausayin da na yi masa bai rage masa komai ba, sai dai ya sa kowannenmu ya yi makokinsa shi kaɗai, alhali muna ɗaki guda.

Rana ta goma, bayan azahar, ina ba shi kunu a cokali, ya kau da baki. Harshensa ya yi nauyi, sai da na sunkuya.

"Tsohuwa, ƙasar da na kwaɓa da ƙafata, kya kawo mini ita a mayafi ki ce barka kika je?"

Na fashe da kuka, na ce ya yafe mini. Ya girgiza kai, ba wannan yake nema ba.

"Faɗa mini gaskiya. Ya ba su wuya?"

Na ba shi labari duka, da digar da ke tsalle, da katafila, da direban da ya sauko yana tambaya. Na ce sai bayan la'asar suka iya da shi. Rabin bakinsa mai motsi ya yi murmushi. Magana ɗaya ya yi, daga ita bai ƙara wata ba har Allah ya karɓi abinsa washegari da hantsi. Abin da ya ce mini shi ne:

"Har la'asar? To, alhamdu lillahi. Da ma na san ba zai ba ni kunya ba."