Mai Haɗa Fentin Kaka Ya Tafi: Ta'aziyyar Saje Daeng Nompo

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha biyu ga Agustan 2025, daidai da sha takwas ga Safar, jim kaɗan bayan azahar, Allah Ya karɓi ran Sahabuddin Daeng Nompo, tsohon sajan sojan ruwa, a gidansa da ke bayan kasuwar kifi ta Ujung Sarea. Shekarunsa saba'in da huɗu. Ciwon ƙirji ne na kwana uku. Bayan la'asar muka kai shi makwancinsa, kuma ranar babu kwale-kwalen da ya fita kamun kifi.

Ni Mappa mai walda ne, ba marubuci ba. Amma akwai maganar da ta tsaya mini a wuya, Daeng, kamar yadda muke kiran manyanmu maza da mata, kuma da kai zan yi ta.

Duk wanda ya san ka ya san Kaka, tsohon jirgin sintirin nan na yaƙi da ke zaune a kan siminti a bakin tasharmu. Shekara ashirin da biyu ka yi aiki a cikinsa, kai ne mai kula da igiyoyi da fenti. Shekara bakwai da suka wuce rundunar ruwa ta yi masa ritaya, ta ɗaure shi a nan yana jiran masu sayen tsofaffin ƙarafa. Ni ne wanda wani dillali daga birnin Makassar ya ɗauka in yanka shi. Ban taɓa ɓoye wannan ba, ba kuwa zan ɓoye yau ba.

Ranar da na hau da alli ina zana inda wuta za ta bi, sai na waiwaya na gan ka a bayana kana goge layukan da gefen zanenka, ɗaya bayan ɗaya. Ka ce, "Ƙanena, ka san inda ka ja layin nan? Nan uwarka ta yi kwana biyu tana amai, kana goye a bayanta, shekarar da igiyar ruwa ta share tsibirinku, muka kwaso ku a cikinsa." Na ce maka ƙarfe ƙarfe ne, kuma 'ya'ya biyar ke jirana a gida. Ba ka yi musu ba. Washegari ka zo shagona da kofi da soyayyar ayaba, ka ajiye mini gudumar kankare tsatsa a kan benci, ka yi tafiyarka. Sati guda gudumar nan tana kallona kafin in ɗauke ta, in fasa yankan.

Sau tara ka hau motar Makassar da takardar roƙo mai ɗauke da dangwalen yatsun masunta. A na taran aka amince a bar wa gari jirgin, bisa sharaɗi. Mu fito da shi tudu da kanmu, kuma kowace shekara a farkon Satumba hafsa zai zo ya duba. In ya sami tsatsa, ko ya ga ba ruwan toka ba ne launinsa kamar kowane jirgin soja, to a mayar da shi hannun masu yanka.

Daga nan gari ya tashi. Matarka Daeng Bollo ta tara mata, suna dama kunun koren wake suna sayarwa a ƙofar masallaci duk Juma'a. Kowane kwale-kwale da ya dawo sai ya jefa kifi ɗaya a kwandon Kaka. Da muka sayi siminti da sarƙa, aka kira gayya. Mutum ɗari huɗu, kwana uku, muna jan jirgin a kan kututturen kwakwa, taƙi bayan taƙi, kana tsaye a gaba muryarka ta dishe. Da ya hau siminti, asusu ya ƙare ƙaf. Ko gwangwanin fenti ɗaya ba mu iya saye.

Sai ka ɗauki baro ka bi bakin ruwa, kwale-kwale bayan kwale-kwale, kana roƙon ragowar fenti. Masuntanmu kuwa kowa da launin da ya gada daga ubansa, wani shuɗi, wani kore, wani rawaya, wani ja. Suka ba ka suna dariya, suna tambaya ko jirgin yaƙi za ka shafa ko keken kai amarya. Ka juye su duka a duro ɗaya, ka ƙara fari da ɗan baƙi, ka sa filafilin tuƙi kana juyawa. Wallahi ina tsaye a wurin, kuma na ɗauka tsufa ne ya fara taɓa ka. Sai ga ruwan toka.

Haka aka yi ta yi shekara shida. Kowane rani ka tura baro, mu kankare, mu shafa, hafsa ya zo ya sa hannu. Masunta su yi ta gardama a rumfar kofi kan launin wa ya fi fitowa a jikin Kaka. Ko ƙusa ɗaya ba a taɓa sacewa daga jirgin nan ba, alhali ba mu taɓa ɗaukar mai gadi ba.

Ba zan ce ba ka da aibi ba, don ka tsani a yi wa mamaci ƙarya. Kana da faɗa. Ka taɓa ƙwace burushi daga hannun liman a gaban jama'a, ka ce shafa fenti ba shafa addu'a ba ce. Kai ne kuma da matata ta kwanta asibiti ka riƙe mini shago sati biyu, ka ɓata wa mutane ƙofofi uku da waldarka, ka ƙi yarda a ce ka ɓata.

To ka tafi saura sati uku hafsa ya zo. Mun gama kankara, jirgin na tsaye tsirara, kuma babu wanda ya san awon haɗinka, don ba ka taɓa rubutawa ba. Bayan addu'ar bakwai na shiga ƙarƙashin gidanka, tsakanin ginshiƙan da ke ɗauke da shi, in ɗauko duro da filafili. Na yaye wani tamfol a lungu. Gwangwani talatin, Daeng, cif, ba a taɓa buɗe ko ɗaya ba. Fentin soja na ainihi, da hatimin rundunar a jiki. Ashe shekara biyar suna aiko maka da shida-shida kyauta.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na tuna ranar da na bi ka da baro a cikin rana muna roƙon guntun fenti, alhali abin yana ƙarƙashin gadonka. Daeng Bollo na zaune a kan matakala da carbinta, ta ga fuskata. Ta ce ita ma ta yi maka wannan faɗan tun zuwan na farko.

Ta ce, "Cewa ya yi ranar da aka buɗe su, jirgin ya koma na gwamnati. Masunci ba ya tsaron abin da bai sa fentinsa ba."

Na ce, "Daeng Bollo, in launi ya ƙi, ni za a kira in yanka shi."

Ta ce, "Ga gwangwanaye, ga filafili. Ni dai ina takaba."

Kwana biyu ban shiga shago ba. Tsoro nake ji, ba wani abu ba. A rana ta uku na ɗauki baronka mai ƙarar taya na bi bakin ruwa. Ban roƙi kowa ba. Suna jin ƙarar suka riƙa fitowa da gwangwanaye, wasu ma sababbi ne da suka saya don nasu kwale-kwalen. Sau huɗu na cika baron. Na juye, na juya har kafaɗata ta riƙe, na ƙara fari, na ƙara baƙi. Abin ya fito toka, amma tokar da ta sha kore. Ko makaho ya san ba irin taka ba ce. Haka muka shafa, maza da mata, liman ma da burushinsa, babu mai ƙwacewa.

Ranar Talata, biyu ga Satumba, hafsan ya zo. Ya zaga jirgin yana ƙwanƙwasa ƙarfe, bai sami tsatsa ba. Sai ya ciro ɗan katin launi ya kara a jiki, ya daɗe yana kallo, mu kuwa gari guda muna tsaye. Ya tambayi wa ya haɗa. Na ce ni ne.

Ya ce, "Ta Saje ta karkata ga shuɗi, taka ga kore. Takarda dai ruwan toka ta ce. Wannan ma toka ce."

Ya sa hannu. Ni da na zo da alli shekara bakwai da suka wuce, na zauna a kan simintin nan na yi kuka kamar ba namiji ba. Da yamma na koma ƙarƙashin gidanka na mayar da tamfol yadda na same shi. Talatin ne, Daeng, ban taɓa ko ɗaya ba. Ka yafe mini fushin da na yi da kai.

Ina miƙa ta'aziyya ga Daeng Bollo, da 'yarku Hasnawati da mijinta da jikokinku, da tsofaffin abokan aikinka, da masuntan Ujung Sarea baki ɗaya. Allah Ya jiƙan Daeng Nompo, Ya gafarta masa faɗansa, Ya karɓi wahalarsa. Yadda ya rufa wa tsohon jirgi asiri, Allah Ya rufa masa asiri ranar da babu tsimi babu dabara. Allah Ya haskaka kabarinsa, Ya ba iyalinsa haƙuri, mu kuma Ya kyautata namu zuwan. Amin.