Karen da Ya Ciji Yayana a Janfalan

Mun tashi daga Zariya da asuba, ni da wani abokina malamin dabbobi, a motar aikinsa. Wani direban lori ne ya kawo saƙon da yamma, ana gobe za mu tashi: karen da ke korar birai a gonar yayana a Janfalan ya haukace, ya cije shi a hannu.

Hanyar Kudan laka ce zalla a ƙarshen daminar nan, sau biyu muka sauka muka tura mota. A Makarfi na sayi ƙosan kwabo biyu, na kasa ci. Malamin bai ɓoye mini ba: in haukan kare ne, rayuwar yayana na kan siraɗi. Fatansa kada a kashe karen kafin mu isa, don a cewarsa mushe ba ya amsa tambaya.

Mun wuce Ikara da hantsi. A Janfalan muka tarar an ɗaure karen a gindin ɗorawa, yana dalalar da miyau, jikinsa na karkarwa. Maza sun kewaye shi da sanduna.

"Malam, matsa mu gama da shi," in ji mai unguwa.

"Ranka ya daɗe, a ɗan yi mini haƙuri," in ji malamin.

Ya tsuguna nesa kaɗan, ya duba idon karen. Ƙwayar ta tsuke kamar tsabar gero. Sai ya shaƙi iska. Ni ma na ji warin, irin na gonar auduga bayan feshi.

"Yaya, me ka shafa masa?" na tambaya.

Ya sunkuyar da kai. "Kaska ce ta dame shi. Na ce abin da ya kashe tsutsar auduga ai ba zai bar kaska ba." Da karen ya fara shure-shure ne yayana ya kai hannu zai riƙe shi, ya sha cizo.

Aka ɗaure bakin karen da tsumma, aka wanke jikinsa da sabulu, malamin ya yi masa allurar karya guba. Kafin la'asar miyau ya tsaya, har ya lashi ruwa. Duk da haka malamin ya ce a bar shi a ɗaure kwana goma, a ga ƙarshensa.

Muka dawo da yayana Zariya, likita ya duba hannun. Kwanakin nan goma ban yi barcin kirki ba. Shekaranjiya saƙo ya zo: karen lafiya lau, har ya tsinke igiya ya bi biri.

Na koyi cewa ba duk mai dalalar miyau ne mahaukaci ba. Da sanda ta riga mu isa, da har yau ba mu sani ba.