Ranar Da Na Zaɓa Wa Malama Luba Kwas A Jami'a

Wautar da na tafka cikin shekaru talatin da 'yan kai ina aikin masinja tana da yawa, kuma mafi yawanta Allah ya rufa mini asiri, ba wanda ya gani. Amma akwai guda da ba ta ɓoyuwa, don har Gummi aka kalle ta. Ita ce ranar da ni Nomau, wanda aka cire daga aji uku na firamare aka mayar gona, na zaɓa wa ɗalibar jami'a kwas ɗin da za ta karanta. Ku da kuka shigo aiki bayana kuna jin labarin guntu-guntu, kowa da ƙarin da yake yi masa. To ga shi daga bakin mai laifin.

A ofishinmu na ilimi a Anka, teburin Sakatare yana da tire biyu. Na hagu na takardun da suka shigo ne, na dama na masu fita. Aikina shi ne na dama kada ya cika. Turanci ba na karanta shi. Sunan mutum ina iya haɗawa in an rubuta da manyan baƙaƙe, lambar fayil kuwa ko daga nesa na hango ta na san ta. Sauran duk da ido da hannu nake aiki. Tsohon masinjan da na gada ya koya mini ƙa'ida guda: in ka ga takarda biyu iri ɗaya a tare, ɗaya asali ce, ɗaya kwafi. Asali ita ce wadda ta sha hannu, ta lanƙwashe, ta yi dauɗa. Kwafi fes take, don yanzu ta fito daga inji. Asali ke tafiya, kwafi ke zama a fayil. Shekara da shekaru wannan ƙa'ida ba ta taɓa ba ni kunya ba.

A lokacin muna da malaman firamare da ke karatun digiri a wata jami'a a Sakkwato, suna zuwa duk dogon hutu. Kafin kowane zango, malami zai cika fom da hannu ya jera kwasa-kwasan da zai ɗauka, Sakatare ya sa hannu ya buga hatimi. Sai Malam Yohanna, wani malami ɗan Filato da ya daɗe tare da mu, wanda shi ma ɗalibi ne kuma wakilinsu, ya tattara na Anka, ya biya Bukkuyum, ya ƙarasa Gummi, ya shiga mota ya kai. Fom in ya shiga jami'a ya shiga ke nan, ba a canzawa.

Malama Luba tana zangonta na ƙarshe. Kwasa-kwasan dole duk ta rubuta, saura gurbi ɗaya da aka ce ɗalibi ya zaɓa da kansa, kuma abu biyu ne a gabanta. Ɗaya na haɗa kayan koyarwa ne, kowa ke cinsa. Ɗaya na gwajin ruwa da ƙasa ne, wurin wani Dakta da aka ce kayar da ɗalibai ba ya yi masa wuya. In ta faɗi sai ta maimaita shekara, izinin karatun da ofis ya ba ta kuwa bana yake ƙarewa, ba ƙari. Wato ta dawo aji hannu biyu, ba digiri. Amma ita 'yar wajen Tungar Daji ce, inda gubar dalma ta taɓa yi wa yara ɓarna, kuma tun tana ƙarama take son ta san yadda ake gane rijiyar da za a sha da wadda za a rufe.

Sati uku yarinyar nan tana zarya a ofis. Ta tambayi Sakatare, ta tambayi akawu, ta tambayi mai buga takardu. Da mutanen kirki suka ƙare sai ta iso kaina.

"Baba Nomau, kai mi ka gani?"

Na ce, "Ɗiyata, ni da jadawalin bakwai ya kora daga makaranta? Tambayi waɗanda sunka kai aji huɗu."

Ranar Laraba Sakatare ya gaji. Ta zo da fom biyu, kowane da nasa kwas, ya sa hannu a duka ya ce gobe Alhamis ƙarfe tara Yohanna zai zo, ta yaga ɗaya ta sa ɗaya a tiren dama. Ana wannan magana ni ina waje ina wanke masa mota, ba wanda ya gaya mini. Wannan ita ce kaɗai hujjata, kuma na daɗe ina jan ta.

Da safe Luba ta zo da wuri, ta tsaya kan tiren nan, ta kasa yaga ko ɗaya. Sai ta ajiye duka biyun ta ruga gida ta ƙara jin ta bakin Innarta, tunda kowa ya san Yohanna ba ya zuwa kan lokaci. Ranar kuwa ya samu mai rage masa hanya, ƙarfe takwas sai ga shi yana cewa in yi sauri. Na kwaso fom ɗin malamai, na ga takarda biyu da sunan Luba. Ɗaya fes, ko lanƙwasa babu. Ɗayar an ninke ta huɗu, gefenta ya naɗe, ga tabon mai, ga da'irar gindin kofi. Ko daƙiƙa ban ɓata ba. Na zura mai dauɗar a ambulan, na kai mai tsabtar fayil, har ina yaba wa kaina.

Tara saura kwata ta dawo tana murmushi.

"Baba, na yanke. Mai sauƙin zan ɗauka. Inna ta ce in samo digirin tukuna, rijiya ba ta gudu. Ina takarduna?"

Na ce, "Asali ta tahi, kwafi na fayil."

"Wace asali?"

Na buɗe fayil na nuna mata. Ban taɓa ganin murmushi ya bar fuska da sauri irin haka ba. Ta ɗora hannu a ka ta ce, "Baba Nomau, ka kashe ni! Ka kai ni wurin Dakta!"

Sakatare ya fito, ya ji bayani, ya dube ni daga hula har takalmi. Ya buga wa Yohanna waya. Yohanna ya ce yana Bukkuyum yana jiran wasu malamai biyu, suna isowa zai wuce, sai dai a kai masa ɗayan fom ɗin tashar Gummi, amma motar Sakkwato za ta tashi da azahar, kuma gobe Juma'a ake rufe karɓa, ba zai iya kwana ba. Sakatare ya ajiye waya ya miƙo mini makullin babur ɗin ofis.

"Kai ka ɓata, kai za ka gyara. Ku dawo kafin la'asar, ka san hanyar nan ba a yin yamma a kanta."

Na miƙa hannu Luba ta ba ni fom ɗin in kai. Ta rungume shi a ƙirji ta ce, "Kai? Har yanzu?" Ta tare ɗan kabu-kabu ta hau, ni na bi su a baya kamar wanda aka kama da akuyar mutane. Babur ɗin ofis ya girmi wasu daga cikinku. Muna wuce mararrabar Bukkuyum iska ta ɗauke mini hula, sabuwa, ta Sallah. Na waiwaya na gan ta tana birgima cikin gonar dawa, na dubi ƙurar kabu-kabun Luba tana nisa, na ce hula Allah ya haɗa ki da mai rabo.

Mun isa tashar Gummi ana kiran salla. Mota ta cika, direba yana ta oda, Yohanna yana tsaye a gaban motar da ambulan a hammata yana shan rake, ya hana ta motsi. Ya zaro fom mai dauɗar ya ba ta. Ga ta nan tsaye, takarda a kowane hannu, kamar dai yadda ta tsaya sati uku.

Yohanna ya ce, "Malama, ba ni ɗaya, direban nan zai taka ni."

Maimakon ta ba shi sai ta juyo kaina. "Baba, tsakaninka da Allah, mi ya sa ka ɗauki wagga?"

Na gyara tsayuwa, kai ba hula, na karanta mata ƙa'idar asali da kwafi a gaban 'yan tasha. Na ce takardar da ta sha hannu ita ce ta gaske, mai tsabta ta ajiya ce. Yohanna ya yi dariya har rake ya sarƙe shi. Wani ɗan kamasho ya ce, "Baba, a wace jami'a kake koyarwa?"

Luba ba ta yi dariya ba. Ta zuba wa mai dauɗar ido ta ce, "Wanga man ƙosai ne. Wanga shayi ne. Sati uku tana cikin jakata, kullum sai na buɗe ta na ninke." Ta ɗaga mai tsabtar. "Wagga kuwa jiya na cika ta, a tsaye, cikin minti biyar."

Direba ya sake danna oda. Ta miƙa wa Yohanna mai dauɗar ta ce, "Mayar da ita inda take."

Na ce, "Luba! Tun daga Anka! Hulata!"

Sai a nan ta fashe da dariya, har da hawaye. Ta damƙa mini mai tsabtar ta ce, "Ga kwafinka, Baba. A kai fayil."

Zangon nan na ji shi a jikina fiye da ita. Duk wanda ya dawo daga Sakkwato sai na ja shi gefe na tambayi lafiyar Dakta, ko ya yi taushi. Aka ce Luba ta rame, kullum tana ɗakin gwaji da kwalabe. Ni da ban taɓa ganin ƙofar jami'a ba na dinga sa kwas ɗin ruwa da ƙasa cikin addu'ata bayan kowace salla.

Ta ci. Ba ta zo ta ɗaya ba, maki na tsakiya ta samu, amma ta ci, digiri ya fito. Ta zo ofis da kwanon soyayyun kaji ta ajiye a gabana, ba a gaban Sakatare ba.

Abin da na ɗauka daga wannan, ku masu tasowa, kaɗan ne. In ka ga takarda biyu, tambaya, bakinka ba zai tsage ba. Kuma mutanen da ke zarya a ofis suna neman shawara, da yawansu sun riga sun yanke, wanda zai tsaya kusa da su kawai suke nema. Ni dai tsautsayi ne ya tsayar da ni.

Ina cikin cin cinya ta biyu, ina ba akawu labarin yadda tun farko na gane inda zuciyar yarinyar take, Sakatare ya leƙo daga ƙofarsa ya daɗe yana kallona.

Ya ce, "Nomau, ci kazarka. Amma da ta faɗi fa, mi ka shirya gaya mata?"

Bakina a cike yake a lokacin. Har na yi ritaya ban ba shi amsa ba.